Bakolori: Wace Kotu Ce Ta Manomi?

A watan Afrilun 1980, lokacin da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoman Bakolori wuta, wani ɗan Najeriya na zaune a kujerar mataimakin shugaban Kotun Duniya da ke birnin Heg. Shi ne Farfesa Taslim Elias, tsohon malamin shari'a a Jami'ar Legas, wanda ya shugabanci kotun daga 1982 zuwa 1985. Amma manomin Maradun da ruwa ya cinye masa gona bai isa ya ƙwanƙwasa wannan ƙofa ba, domin ƙasa da ƙasa kaɗai kotun ke saurara.

Kamfanin Impresit na Italiya, reshen Fiat, shi ya gina madatsar ruwan Bakolori, a jihar Zamfara ta yau, a kan Gulbin Sakkwato, aka gama a 1978. Dubban mutane suka tashi daga gidajensu, filayen Talata Mafara da Bakura suka shiga aikin noman rani. Diyya ta yi ta jan ƙafa, manoma suka tare hanyoyi, aka yi zubar da jinin da har yau ake jayayya kan yawan mamatansa. Gwamnati ce ta ba da kwangila, nata ne 'yan sandan. To ina za a kai kuka?

Kan wannan tambaya malaman shari'ar ƙetare suke ƙarar da rayuwarsu. Ba wai wa ke da gaskiya ba tukuna: wace kotu ce ke da hurumi, kuma ko za a iya kama uwar kamfani da laifin reshenta?

Iyayen yaran Kano da aka gwada wa maganin Trovan lokacin sanƙarau na 1996 sun kai Pfizer ƙara a Amurka, suka dogara da wata tsohuwar doka ta 1789, kotun ɗaukaka ƙara ta ba su hanya a 2009. Sai Kotun Ƙolin Amurka ta tsuke ƙofar a 2013, a shari'ar 'yan Ogoni da Shell. Ingila kuwa ta buɗe tata a 2021 ga mutanen Ogale da Bille, su ma a ƙararsu da Shell.

A ganina, kotun da ta fi kusa da talakan Zamfara ita muka fi sakaci da ita. Tun 2005 kotun ECOWAS da ke Abuja take karɓar ƙarar mutum ɗaya kan tauye haƙƙi. A gabanta Hadijatou Mani ta kayar da gwamnatin Nijar a 2008 kan bauta.