Faɗuwar gaba cuta ce, tana da magani

Ƴan uwa manoma da makiyaya na ƙasar Kurfai, a wannan wata za mu yi magana bisa wata cuta da mutane ke ɓoyewa. Ba ta sa zazzaɓi, ba ta fidda ƙurji. Amma tana hana ma mutum barci, tana raba shi da gonarshi da kasuwarshi. Ita ce faɗuwar gaba.

YADDA TAKE ZUWA

Mutum na zamne lafiya lau, ko shina cikin noma. Sai shi ji zuciya na bugawa kamar ganga. Numfashi ya ƙi isa. Zufa ta karyo, jiki na makyarkyata, kai na juyawa. Sai shi ce yau kam ajali ya zo. Wani shi ce haukacewa zai yi. Cikin minti 10 abin na kai iyakar ƙarfinshi. Galibi kamin minti 30 ya wuce, sai gajiya.

Ga waɗansu ba ta zuwa da ƙarfi haka. Zullumi ne dare da rana. Kowa na barci, su idonsu biyu.

MI KE KAWO TA?

Kowane makiyayi ya san yadda akuya ke yi in ta ji warin kura. Kunne shi miƙe, jiki shi ɗauki rawa, ta shirya gudu. Mutum ma haka ne. Bisa ƙodarmu akwai waɗansu ƴan ƙulluttai masu zuba wani ruwa cikin jini. Lokotoro na ce mishi adiranalin. In an ga haɗari, shi ke sa zuciya sauri don ƙafa ta samu ƙarfin gudu. Wannan kariya ce. Cutar ita ce jiki shi yi wannan shiri alhali babu kura. Numfashi da sauri kuma shi ke ƙara jiri da mutuwar yatsu.

Ƙasarmu ta ga abin tsoro. Tsofaffi ba su mance fari na 1973 da na 1984 ba, lokacin da bisashe sunka ƙare. Ran 25 ga Disamba 2019 anka kashe jami'an tsaro 14 wajen Sanam. Ran 15 ga Maris 2021 anka kashe mutum 58 masu komowa daga kasuwar Banibangu. Iyalai da yawa sun bar garuruwansu. Wanda ya ga haka, ko ya rasa nashi, jikinshi ba ya mancewa da wuri. Ƙarar moto da dare ta isa ta tada mishi cutar. Rumbu wayam da bashi su ma suna kawo ta.

Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum miliyan 301 masu fama da cutar zullumi da fargaba a shekarar 2019. Ta fi kama mata. Cikin mutum 4 masu buƙatar magani, kusan ɗaya ne ke samu. Ba ragwanci ba ne, ba hauka ba ne. Tana kama jarumi kamar yadda masassara ke kama shi.

IN TA TASO, MI ZA KA YI?

1. Ka zamna inda kake, cikin inuwa. Kar ka ruga.
2. Ka aza hannu bisa ciki. Ka ja iska ta hanci kana ƙidaya 1 zuwa 4. Ka sake ta baki sannu sannu kana ƙidaya 1 zuwa 6. Kamar mai jan guga a rijiya mai zurfi: in ya yi gaggawa, ruwan zubewa za su yi. Ka yi ta yi har zuciya ta sauka.
3. Ka duba abin da ke gabanka, ka faɗi sunan abu biyar: iccen gawo, hauya, tunkiya, tulu, takalmi. Hankali zai komo wurin da kake.
4. Ka ce ma kanka: na san ta, ta taɓa zuwa ta wuce.

In wani ta kama, kar a taru a kanshi da kururuwa. Mutum guda ya isa. Shi zamna kusa, shi yi magana a hankali, su yi numfashi tare.

KAR KA BAR MATA GONARKA

Nan ne babbar hasara take. Wanda ta kama a kasuwa sai shi daina zuwa kasuwa. Wadda ta kama a rijiya sai ta daina ɗibar ruwa. Gudun nan shi ke ciyar da cutar.

A makarantarmu ta yaƙi da jahilci akwai wani magidanci da ta kama a gonarshi ta nesa. Damana guda bai taka gonar ba, ciyawa ta cinye hatsi. Ya saida akuya biyu wajen neman magani. Daga baya ya faɗa ma ƙanenshi. Sunka fara zuwa tare. Ranar farko bakin gona kawai sunka tsaya. Ta biyu sunka noma kuyya kaɗan. Gabanshi ya faɗi, amma bai gudu ba. Kamin ƙarshen wata shina zuwa shi kaɗai.

A lura: wannan ga wurin da babu haɗari ne. Inda hukuma ta ce kar a je, ba a zuwa.

ABIN DA KE ƘARA TA

Shayi mai ƙarfi da dare, goro da yawa, kofi da taba duk suna sa zuciya sauri. A rage su. Taramol da ƙwayoyin barci na ƴan tebur kuwa a guje su. Suna kama mutum, kuma ran da babu su cutar na komowa da ƙarfi.

A JE LIKITA

Mutanenmu na cewa iskoki ne ko sammu. Wani shi tafi ga malam, wani ga ƴan bori. Addu'a na kwantar da rai. Amma kamin ka saida bisa ko damen hatsi, ka fara da likita. Ƙarancin jini, hawan jini, fuka da ciwon maƙoƙo su ma suna sa bugun zuciya. Awo ne ke rarrabe su.

A tafi nan da nan in ciwon ƙirji na sauka ga hannu, in mutum ya suma, in akwai zazzaɓi, in mace na da ciki, ko in mutum ya fara cewa gara shi mutu. A fara da likitar da ke kusa. In abin ya fi ƙarfinta, akwai asibitin Filinge. Babban asibitin Yamai kuma shina da sashen da ake kira Pavillon E, na masu cutar ƙwaƙwalwa da ta damuwa. Wani shawara kaɗai ke warkar da shi. Wani sai an haɗa da ƙwaya. In an ba ka, ka sha yadda anka ce, kar ka tsaida da kanka.

Ku da kunka iya karatu, ku karanta ma waɗanda ba su iya ba, har da mata cikin gida. Mai ɓoye ciwonshi ba ya samun magani. Allah shi ba mu lafiya da kwanciyar hankali.

Daga malamin yaƙi da jahilci, Filinge