Kamfanonin Madara Da Ƙungiyoyin Agaji Sun Shigo Ruga: Ina Rabon Mai Shanu?

Jama'a, duk wanda ke shiga rugage sayen dabbobi, tun daga kewayen Yamai har zuwa ƙasar Yarbawa, ya san an sami wani sabon abu a 'yan shekarun nan. Za ka tarar da rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, ga ɗakin sanyaya nono a gefe, ga kuma allo an kafa da sunaye biyu a jiki: na kamfani da na wata ƙungiyar agaji. Masu boko suna ce da wannan sauke nauyin al'umma da ke wuyan kamfani, wato wanda ya ci riba a ƙasa ya mayar wa mutanenta da wani abu. To, mu fataken shanu ba nono muke sayarwa ba, amma saniyar da ake tatsa ita ce uwar san da za mu ɗora a mota nan da shekara huɗu. Saboda haka maganar ta shafe mu kai tsaye.

Bari mu fara da Nijeriya. Kamfanin FrieslandCampina WAMCO, mai madarar Peak, ya sa hannu da gwamnatin tarayya a 2011 kan shirin bunƙasa nonon gida, ya kuma kafa cibiyoyin karɓar nono a Jihar Oyo, a wurare irin su Fasola da Alaga da Maya da Iseyin. Daga 2012 shirin 2SCALE, wanda gwamnatin Holan ta ɗauki nauyinsa kuma ƙungiyar IFDC ta jagoranta, ya shigo cikin aikin. Rabon aikin a fili yake. Ƙungiya ita ke shiga ruga, ta tara Fulani su yi ƙungiyar gama kai, ta koyar da tsabtar tatsa da noman ciyawa. Kamfani shi ke sa injin sanyi da mota, ya auna nono ya biya. Kafin a karɓa sai an gwada: ko an zuba ruwa, ko ya fara tsami, ko akwai ragowar maganin allura a ciki. Wanda ya faɗi gwaji sai ya koma gida da kayansa.

A nan Nijar ma an yi irinsa, ko da yake da ɗan bambanci. Furojen Nariindu, wanda IRAM da Karkara da AREN suka yi aiki a cikinsa, ya ƙarfafa cibiyoyin tara nono na Hamdallaye da Kollo, ya haɗa su da kamfanin Solani na Yamai. Bambancin shi ne cibiyar a hannun ƙungiyar makiyaya take, ba a hannun mai saye ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don wanda ke riƙe da injin sanyi shi ke da bakin magana ranar da aka zo ciniki. A Senegal kuwa wani likitan dabbobi, Bagoré Bathily, shi ya kafa Laiterie du Berger a Richard Toll a 2006, daga baya asusun taimako na kamfanin Danone ya sa kuɗi a ciki.

Alherin da ke ciki ba mu musa shi ba. Makiyayin da kuɗin nono ke shigo masa kullum ba ya tashi da gaggawa ya kai karsana kara don an yi rashin lafiya a gida. Wani cikinmu zai ce ai wannan asararmu ce, tunda a hannun mai gaggawa ake samun araha. Gaskiya ne ta rana ɗaya. Amma garken da aka sayar da karsanoninsa ba ya ba mu bijimai baɗi, kuma duk wanda ya ga yadda kara ta kasance bayan farin 1984 ya san abin da muke nufi.

Sai dai akwai gefen da ba a rubutawa a jikin allo. A watan Afrilu na 2015 Tarayyar Turai ta cire ƙa'idar da ke taƙaita yawan madarar da manomanta za su fitar. Madara ta yi yawa, aka riƙa busar da ita ana turo gari zuwa Afirka ta Yamma. Kuma mai yawa daga ciki ba cikakkiyar madara ba ce: an cire man shanun an sayar da shi da tsada, an maye gurbinsa da man itace, galibi manja da aka tace. A tsarin kuɗin duwan na bai ɗaya da ECOWAS ta fara aiki da shi a 2015, garin madara a manyan buhuna kashi 5 cikin 100 kaɗai aka ɗora masa. Ina mai ƙwarya zai yi takara da wannan? Abin mamaki, ƙungiyoyin agaji ne kuma suka fi kowa ɗaga murya: a 2018 Oxfam da APESS da RBM da wasunsu suka tayar da gangamin "Mon lait est local", wato nonona na gida ne. Ke nan wata ƙungiya tana zaune da kamfani ana tsara rijiya, wata tana waje tana ƙorafi a kan garin madarar da ake shigowa da shi.

Mu lura kuma da lokacin da kyauta ta yawaita. A 2019 Babban Bankin Nijeriya ya ce zai daina ba masu shigo da madara kuɗin waje, a Fabrairun 2020 ya bar ƙofar ga kamfanoni 6 kaɗai da suka yarda su zuba jari a nonon gida, ciki har da WAMCO da Arla da Nestlé da Promasidor. A 2023 Arla ta buɗe gonarta a Damau ta Jihar Kaduna, da shanun Holstein da aka kawo daga Danmak. A 2024 bankin ya janye wannan takunkumi. Ba mu ce babu kyakkyawar niyya ba, Allah shi ya san zukata. Abin da muka ce shi ne ruwa ba ya tsami banza, kuma abin da doka ta kawo, sassaucin doka yana iya rage shi.

Yanzu ga abin da ya fi damun mu a matsayin 'yan kasuwar dabbobi. Na farko maraƙi. Idan mota tana jira da kuɗi a hannu kowace safiya, hannun mai tatsa yakan yi nauyi, a bar maraƙi da ɗan abin da ya rage. Maraƙin da bai ƙoshi ba a watanninsa na farko ba ya kama jiki yadda ya kamata, mu ne za mu gan shi a kara ƙashi a waje, mahautan Ikko su taya shi da wulaƙanci. Sa'an nan ga maganar iri. Shirye-shiryen nan suna son barbara da shanun Turai don nono ya ƙaru. Ɗiyan da aka samu suna ba da nono, ba shakka, amma ba su da juriyar Bunaji ko Azawak ko Bokoloji a kan zafi da ƙishirwa da doguwar tafiya a burtali. Saniyar da ba ta iya tattaki daga ruga zuwa Maigatari ko Illela wata irin haja ce daban, da nata kuɗin mota da nata haɗari.

Akwai kuma ta cikin gida, wadda maza ba su cika son a taɓo ba. A al'adar ruga nono na mace ne, ita ke dama fura ta kai talla, kuɗin nata ne. Da aka koma rubuta suna a littafin cibiya ana biya ta asusu, sau da yawa sunan maigida ake rubutawa. Shirin da ya san abin da yake yi yakan rubuta matan da kansu.

Don haka idan irin wannan haɗin gwiwa ya iso yankin da muke saye, kada mu tsaya kallo daga bakin mota. Shugabannin kara da dillalai su halarci zaman, su tambaya a gaban kowa: furojen shekara nawa ne, kuma ranar da ƙungiya ta naɗe tabarmarta, wa zai gyara famfo in ya lalace? Injin sanyin na wa ne a takarda? Kamfani zai ci gaba da karɓa da damina lokacin da nono ya yi yawa, ko sai da rani kaɗai yake nema? In kuma an ce za a ba makiyaya dusa da angurya bashi a cire a kuɗin nono, a rubuta farashin buhu tun kaka, kafin watan Afrilu ya zo kowa ya matsu.