Rumbun bayanai: dalilin da ya sa ake rubuta kowane abu sau ɗaya tak

Kantuna, shagunan magani, makarantu masu zaman kansu da ma'aikatun magadan gari da dama a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai suna ta ajiye manyan kundayen rajista suna komawa kwamfuta. Sau da yawa abin da ake yi shi ne a kira matashin da ya iya na'ura, ya buɗe shafi ɗaya na Excel, ya kwafe kundin yadda yake. Watannin farko komai lafiya lau. Sai an shekara, layuka sun kai dubbai, a tarar mutum ɗaya yana da suna uku da bashi iri uku, ba wanda ya san wanne ne na gaskiya. Tun ranar da aka zana shafin aka shuka wannan rikici, kuma an fi shekara 50 da sanin maganinsa.

Wanda ya fito da maganin shi ne Edgar Codd, masanin lissafi ɗan Ingila da ke aiki a kamfanin IBM a Amurka. A 1970 ya wallafa wata maƙala inda ya ce a riƙa ajiye bayanai cikin jadawaloli masu layuka, kowane jadawali ya tsaya kan abu iri ɗaya, sannan a ɗaure su da juna ta hanyar lambobi. Wannan shi ne abin da ake kira « base de données relationnelle » da Faransanci, wato rumbun bayanai mai jadawaloli masu alaƙa. A 1981 aka ba shi lambar yabo ta Turing, wadda ta fi kowace daraja a fannin kwamfuta. Yau bankuna da kamfanonin waya da na jiragen sama kan wannan tsari suke tafiya, kuma duk mai riƙe da wayar Android yana yawo da ƙaramin irinsa a aljihu, mai suna SQLite.

Misalin ɗan kasuwa zai fi fito da abin fili. A ce wani mai sayar da kaya a sari a Maraɗi yana ba masu ƙananan shaguna shinkafa, sukari da mai bashi. A shafinsa, duk sa'ad da aka ɗauki kaya ana rubuta kwanan wata, sunan mai saye, lambar wayarsa, garinsa, irin kayan, yawansu da kuɗinsu. Mai shagon da ya zo sau 40 a shekara, an rubuta sunansa da lambarsa sau 40 ke nan. Ranar da ya canza sim, sai an bi wuri 40 an gyara. In aka gyara 38 aka manta biyu, shafin ya fara yin baki biyu, kuma kwamfuta ba ta da hanyar sanin wanne za ta bi.

Akwai wata ɓarnar da ta fi wannan ɓuya. Wani ya taɓa ɗaukar kaya sau ɗaya, ya biya, magatakarda ya goge layin don rage cunkoso. Tare da layin, lambar wayar mutumin da garinsa sun tafi, domin babu wani wuri da aka ajiye su. Haka kuma sabon kaya da ya iso sito ba shi da inda za a rubuta shi sai an sami wanda ya saya.

Aikin da ake yi don kauce wa wannan shi ne « normalisation », ana iya ce masa tankaɗe da rairayar bayanai. A raba babban shafin gida huɗu. Jadawalin farko na masu saye ne: kowa layi ɗaya, da sunansa, lambar wayarsa da garinsa. Na biyu na kaya ne, kowane iri layi ɗaya. Na uku na takardun ciniki: lambar takarda, kwanan wata, da lambar wanda ya saya. Na huɗu ya ƙunshi abin da ke cikin kowace takarda, wato wane kaya, guda nawa. Ba a ƙara rubuta sunan mai saye a takardar ciniki. Lamba kawai ake sa wa, a ce 17, in ana son suna sai na'ura ta leƙa jadawalin masu saye ta ɗauko.

Wannan lamba ita ce mabuɗi, kuma a nan ne aka fi yin kuskure a ƙasarmu. Suna ba ya zama mabuɗi. Mahamadou, Mohamed, Mahaman da Mamane na iya zama mutum ɗaya da magatakarda huɗu suka rubuta, kowa yadda kunnensa ya ji, kamar yadda kuma a unguwa ɗaya za a iya samun mutum biyar masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Ranar haihuwa ma ba ta raba gardama, tunda dattawa da yawa takardunsu « né vers » suke ɗauke da shi, shekara kawai babu wata babu rana. Lambar waya tana da ruɗi, don ga alama kowa da tasa, amma ana canza ta, ana aron ta, wani gida ma waya ɗaya ce ta kowa. Mabuɗi na ƙwarai lamba ce da rumbun ya bayar da kansa, wadda ba ta nufin komai, ba ta canzawa, ba a kuma sake ba wani ita ko da mai ita ya rasu.

Codd ya tsara wannan rairaya mataki-mataki. Mataki na farko, wanda ya zo tun a maƙalar 1970, ya ce kowane gurbi ya ɗauki abu ɗaya. Kada a cusa « shinkafa buhu 3, sukari buhu 2 » a gurbi guda, domin ranar da aka tambayi buhun shinkafa nawa aka fitar a watan azumi, sai an zauna an ƙirga da hannu. Kada kuma a yi dabarar buɗe gurbin kaya na 1, kaya na 2, kaya na 3, don wata rana wani zai sayi iri huɗu.

Mataki na biyu da na uku sun zo a 1971. Na biyu yana magana ne kan jadawalin da mabuɗinsa ya haɗa lamba biyu, irin na huɗu a misalinmu, inda lambar takarda da lambar kaya suke tafiya tare. Sunan kaya ya rataya ne ga lambar kaya kaɗai, saboda haka ba nan ne gidansa ba. Na uku ya ce duk bayanin da ke layin mutum ya zama game da mutumin ne kai tsaye. Gundumar da garinsa yake ciki bayani ne game da garin. Wanda ya ga wannan kamar tsanani ya tuna 2011, lokacin da gundumomin Nijar suka tashi daga 36 zuwa 63, Malbaza ta fita daga Ƙonni, Dungas ta fita daga Magarya. Rumbun da ya rubuta gunduma a gaban sunan kowane mutum sai ya bi dubban layuka ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ware jadawalin garuruwa kuwa, layukan garuruwan da abin ya shafa kawai zai taɓa. A 1974 Codd da Raymond Boyce sun ƙara tsaurara mataki na uku, akwai ma wasu matakan a gaba, amma kanti ko makaranta da ta kai na uku ta tsallake yawancin ramukan.

Sai dai rairayar tana son hankali, don ba duk abin da ya yi kama da maimaici ne maimaici ba. Farashi shi ne babban misali. Matashin da ya ɗauki darasin da zafi zai ce farashin buhu yana jadawalin kaya, don haka babu dalilin sake rubuta shi a takardar ciniki. A ce an ba mai shago buhu kan jaka 15, bayan wata biyu buhu ya koma jaka 18. In takardar tana leƙo farashi daga jadawalin kaya, tsohon bashin zai kumbura da kansa cikin dare, kuma mai shagon yana da gaskiya in ya ta da jijiyar wuya. Farashin yau abu ɗaya ne, farashin da aka yi ciniki a kansa wani abu ne daban, kowanne da gurbinsa. Jimlar bashin mutum kuwa bai kamata a rubuta ta da hannu a ko'ina ba. A rubuta abin da ya ɗauka da abin da ya biya, na'ura ta riƙa fitar da saura duk lokacin da aka tambaya. Harshen da ake yin irin wannan tambaya da shi sunansa SQL, kuma shi ma a IBM aka ƙirƙiro shi a shekarun 1970.

Excel ba abin ƙi ba ne ga mai lissafin layi ɗari biyu ko uku. Matsalarsa ita ce ba ya hana kowa komai: zai karɓi takardar ciniki mai lambar mutumin da babu shi, zai karɓi suna a gurbin kuɗi. Yana kuma da iyaka. A 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta bar kusan mutum dubu 16 da suka kamu da korona a waje da ƙidayarta na wasu kwanaki, saboda tsohon samfurin fayil ɗin Excel da aka yi amfani da shi ba ya wuce layi 65,536. Rumbu na sosai, irin PostgreSQL ko MySQL waɗanda ake samu kyauta, ana iya kafa masa doka ya ƙi duk takardar da ba ta da mai ita, ya kuma ƙi goge mutumin da ake bin sa bashi.

Mai kanti ko shugaban makaranta ba sai ya iya SQL ba kafin ya auna aikin da aka yi masa. Kafin ya biya kuɗin aiki, ya ce a zana masa jadawalolin a takarda ya ga me kowanne ya ƙunsa. Sannan ya zaɓi mutum ɗaya da ya fi kowa yawan ciniki, ya ce a canza lambar wayarsa a gabansa, ya ƙirga wuri nawa aka taɓa. Bayan haka ya sa a ƙara farashin buhu, ya buɗe takardar cinikin watan jiya ya duba ko kuɗin da ke kanta ya motsa.