Gwara Tana Neman Masauki A Gubi

Duk wanda ya fita daga Bauchi ta hanyar Ningi, ba zai yi nisa ba zai iso yankin Gubi, inda madatsar ruwan da ke shayar da birnin take, tare da mazaunin dindindin na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Gine-gine sai ƙaruwa suke yi a wurin. Irinsu ne mutanenmu na Agege da Sabon Ibadan suke aika kuɗi gida a yi musu, watau bulo da siminti, a rufa kwano, a buga silin. To, amma akwai wata tsohuwar 'yar gida da ba a yi mata ɗaki ba, ita ce gwara.

Ita dai gwara a rami take sheƙa: tsakanin azara, ko gefen indararo, ko jikin rumbu. Gidan ƙasa cike yake da irin waɗannan kafofi. Gidan bulo kuwa sumul yake, ko yatsa ba wurin sawa.

Wani manomin zai ce Allah ya raka taki gona, tunda ɓarauniyar gero ce. Gaskiya ne tana tsince hatsin da aka shanya, amma ba ita ce jan-baki mai sauka gona dubu-dubu ba. Kuma da ƙwari da tsutsotsi take ciyar da 'ya'yanta. A 1958 hukumar ƙasar Sin ta sa jama'a su yaƙi 'yan uwan gwara na can, aka karkashe su, sai ƙwari suka samu sake a gonaki. Wannan ya ƙara tsananta yunwar da ta biyo baya, har a 1960 aka janye umarnin. A Ingila ma, fiye da rabin gwararsu ta ɓace tun daga 1977, shi ya sa masu gidaje suke kafa mata akwatuna a bayan gida.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, don kuwa ya daɗe yana rataya wa tattabaru tukwane. Tsohon gora ko ɗan akwatin katako ya isa. A huda ƙofa mai faɗin inci 1 da kwata, don in ta fi haka manyan tsuntsaye za su ƙwace ɗakin. A ɗaure shi sama kamar ƙafa 8, cikin inuwa, inda kyanwa ba za ta kai ba. Kada ƙofar ta dubi gabas, domin daga nan hadari yake tasowa, kamar yadda kowane magini ya sani. Da bazara a ajiye ruwa a kasko, bayan kaka kuma a kwashe tsohuwar ciyawar.

Sauran aikin na maigida ne, watau ya ja kunnen yara masu danƙo tun kafin a rataya goran.