Wayar mai ƙaramin ƙarfi a Hawata: abin dubawa kafin ka zare kuɗinka

Makon jiya mahaifin wani ɗalibina ya tare ni a ƙofar makaranta, riƙe da sabuwar waya a kwalinta. Riɗinsa ya sayar ya saye ta. Ya ce, "Ustaz, duba min, mai shago ya ce RAM ɗinta takwas ne." Na shiga saitinta na duba. Huɗu ne na gaske, sauran huɗun aro ne daga ma'ajiyar wayar. Nan take jikinsa ya yi sanyi.

Da a shekarun baya ne, sai mu yi dariya mu wuce. Amma tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, waya ta koma aljihun mutum. Tsabar kuɗi ta yi wuya, sannan canjin takardun fam 500 da 1,000 a Disamban 2024 ya tura mutane buɗe asusu. Yau a kasuwar Hawata, da yawa da Bankak, manhajar Bankin Khartoum, suke biya. Mu malamai kuma ta WhatsApp muke tura wa yara darasi. Don haka wayar da ke maƙalewa asara ce.

Abu na farko shi ne batir. Da yadda wuta take ɗaukewa a nan, kar ka sayi ƙasa da 5,000 mAh. Tecno Spark Go 2024 da Itel A70 da Samsung Galaxy A05 duk haka nasu yake. Sai dai zafi maƙiyin batir ne. A watan Afrilu, lokacin da zafin jihar Gadarif ke haura digiri 40, kar ka bar ta tana caji a rana.

Na biyu, RAM, wato inda waya ke ɗora aikin da take yi a lokacin. In ka ga "4+4" a kwali, lambar farko ce ta gaske. Ta biyun daga ma'ajiya ake yankowa, kuma ba ta kai ta farko sauri ba. Mai 2GB za ta yi kira da saƙo, musamman in tana da Android Go, wanda aka yi don ƙananan wayoyi. Amma mai banki da darasin yara ya nemi 4GB na gaske, da ma'ajiya aƙalla 64GB, da gurbin memori.

Na uku, layi biyu da 4G. Ba mu manta Fabrairun 2024 ba, lokacin da Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, kuma ba rana ɗaya suka dawo ba. Mai layi biyu shi ya riga jin muryar 'yan'uwansa.

Kyamara fa? Kar lambar megafiksel ta ruɗe ka. Ɗauki hoton shafin littafi a cikin shagon, ka buɗa shi. In rubutun ya karantu, ta wadatar. Ka kuma tambayi mai gyara ko ana samun gilashin irinta a Gadarif, don wayar da babu kayan gyaranta, faɗuwa ɗaya ce ajalinta.

In ta hannu za ka saya, danna *#06#, ka gwada lambar da ta fito da ta jikin kwali. Wayoyi da yawa aka wawashe a yaƙin nan. Wadda ba kwali, ba takarda, ga araha mai ban tsoro, ka bar ta, kar ka kai haƙƙin wani gidanka.

Shi mutumin nawa, na ce masa huɗun ma za su yi masa aiki, in bai cika ta da bidiyo ba. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "To Ustaz, sa min lambarka, a riƙa turo wa yaron darasi."