Kyamara Ma Sai Da Sabo: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Ranar walimar saukar Alƙur'ani ta ƙanwata, a unguwarmu ta Kudenda, ni aka damƙa wa aikin hoto. Na aro babbar kyamara a wurin wani abokina, na rataya ta a wuya ina ta ƙafafa. Da dare ya yi muka zauna duba hotuna, sai jikina ya yi sanyi. Hoton da na ɗauka lokacin da ta ɗaga allonta mai zayyana a cikin rumfa ya fito dishi-dishi, hannunta kamar hayaƙi. Na waje kuwa haske ya wanke su fes, domin na murɗa wani maɓalli a cikin rumfar, ban kuma san yadda zan mayar da shi ba. Innarmu ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Allah Ya sa hakan ya fi alheri." Wannan magana ta fi mini zafi, saboda ba za a sake wannan walima ba.

Laifin ba na kyamarar ba ne. Ni ne na je fafe gora ranar tafiya, don sai a ranar na fara riƙe ta. Domin kada ku faɗa ramin da na faɗa, ga abin da na koya daga baya.

Hoto haske ne, kuma abubuwa uku ke sarrafa shi. Na farko shi ne ƙofar haske, wato ramin da ke cikin gilashin kyamara. Ana rubuta girmanta da harafin f. A f/2.8 ƙofar a buɗe take sosai, a f/16 kuwa ta tsuke. Idan ta buɗe, fuskar mutum kan fito tar, bayansa ya dushe. Na biyu shi ne shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe ido kafin ta rufe. A 1/500 na daƙiƙa tana tsayar da mai gudu cak, amma a 1/30 ko ɗaga hannu ka yi sai hoton ya jagule. Abin da ya sami hannun ƙanwata ke nan: rumfar ba haske, sai kyamarar ta daɗe da ido a buɗe. Na uku shi ne ISO. A tsakar rana 100 ya isa, a cikin ɗaki kuwa sai an kai 800 ko 1600, sai dai yawan ɗaga shi na sa hoto ya yi ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa yashi.

Ukun nan tare suke aiki. Idan ka tashi daga 1/250 zuwa 1/500 ka rage rabin hasken ke nan, kana iya cike giɓin ta ɗaga ISO daga 200 zuwa 400.

Wani zai ce, ni da ba ni da kyamara fa? Ari wayar yaya ko ta mama a ƙarshen mako. Wayoyin Android da yawa suna da sashen da aka rubuta Pro a cikin kyamararsu, inda za ka canza shota da ISO da kanka. Ƙofar haske ce kawai ba ta motsi a yawancin wayoyi.

Sai dai karanta wannan bayani bai isa ba, dole yatsu su haddace shi. Ni minti 15 na ware kullum bayan la'asar, kowane mako maɓalli ɗaya. A makon farko na tsaya nesa da bakin titin Nnamdi Azikiwe ina ɗaukar Keke Napep masu wucewa a 1/30, da 1/125, da 1/500, har na gane inda motsi ke tsayawa. A mako na biyu kofin shayi ɗaya na riƙa ɗauka a ɗakinmu da safe, da rana, da bayan magariba, ina canza ISO. Na uku na ba ƙofar haske. A na huɗu kuwa rufe ido nake yi ina laluben maɓallan. Duk abin da na gwada ina rubuta lambobinsa a tsohon littafin makaranta, in kwatanta washegari. A haka na lura hasken hazon hunturu daban yake da na gajimaren damina.

Manyan sana'ar ma da yau da gobe suka kai. Marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara da ƙaramar kyamara samfurin Brownie a 1950. Daga 1968 ya duƙufa kan abu ɗaya, kitson matan Najeriya, har ya tara hotuna kusan 1,000. Ita ma Fati Abubakar ta Maiduguri, a 2015 ta fara bin tituna da kasuwannin garinsu tana ɗaukar rayuwar yau da kullum a shirinta na Bits of Borno, har duniya ta san da ita.

Abu biyu za ku kiyaye. Kada ku ɗauki mutum hoto sai da izininsa, kuma ku nisanci shingen jami'an tsaro da barikoki. Sannan kada atisayen ya ci lokacin karatu.

Bikin yaye ɗalibai na makarantarku yana tafe, haka ma Sallah. Wanda yake so ya zama shi ne mai hoton gidansu a ranar, yau ya kamata ya fara. Ni dai autanmu ya kusa sauka, kuma na riga na roƙi Inna ta sake ba ni aikin.