Ƙunzugu: Yadda Za A Wanke Shi, A Shanya, A Adana

Kowane manomi ya sani, hatsin da aka zuba a rumbu da sauran danshi, fumfuna za ta ci shi. Haka yake da ƙyallen da mata ke amfani da shi lokacin al'ada, wato ƙunzugu. Audugar mata ta kanti tana da tsada, ana kuma yar da ita bayan an sa sau ɗaya. Ƙunzugun yadi kuwa, ko wanda aka ɗinka a gida ko wanda aka saya, yana iya kai shekara guda ko fiye, in an kula da shi. In ba a kula ba, sai ya jawo ƙaiƙayi da ƙuraje da wari. Muna roƙo a karanta wannan a taron ƙungiya, maza ma su saurara, gama akwai nasu aiki a ciki.

Irin yadin da ya dace

A nemi yadin auduga mai laushi, kamar tsohuwar atamfa mai tsabta ko tawul. Yadi mai santsi ba ya shan jini, yana kuma sa zufa. Al'ada takan ɗauki kwana 3 zuwa 7, saboda haka mace tana bukatar ƙyalle 6 zuwa 8, domin sa'ad da waɗansu ke kan igiya, waɗansu suna a shirye. A canja bayan awa 4 zuwa 6, ko kafin haka in ya jiƙe. Kowace mace da nata. Kada uwa da 'ya, ko ya da ƙanwa, su yi tarayya a kan ƙyalle ɗaya.

Yadda za a wanke

1. A fara da ruwan sanyi. Ruwan zafi yana dafa jini kamar yadda yake dafa ƙwai, sai tabon ya kama yadin, ya ƙi fita.
2. A ɗauraye, a matse, har ruwan ya daina yin ja. In jinin ya riga ya bushe, a jiƙa kamar rabin awa a ruwan sanyi da ɗan gishiri. Kada a bar shi ya kwana biyu a ruwa, zai yi wari.
3. A wanke da sabulun wanki, ana cuɗawa da hannu. Ba a bukatar bilic ko turare. Bilic yana cin yadi, ragowarsa kuma tana ƙona fata.
4. A ɗauraye sau biyu ko uku, har kumfa ta ƙare. Sabulun da ya rage a yadi yakan sa ƙaiƙayi.
5. A zuba ruwan wankin a masai, nesa da rijiya. A keɓe bokiti ko kwano ɗaya domin wannan aiki kaɗai. A wanke hannu da sabulu.

In mace tana gona ko kasuwa, sai ta naɗe wanda ta cire, gefen jinin daga ciki, ta sa a leda, ta wanke da zarar ta koma gida.

Shanya: nan ne aka fi yin kuskure

Mata da yawa sun iya wanki sarai, amma kunya takan sa su cusa jiƙaƙƙen ƙyalle a ƙarƙashin katifa, ko bayan tukunya, ko a lungun ɗaki mai duhu. Waɗansu kuma suna tsoron kada wani ya ɗauke shi ya yi musu sammu. A irin wuraren nan yadi ba ya bushewa sosai. Ƙwayoyin cuta da fumfuna suna son danshi da duhu, kashegari kuma sai a ɗora wannan yadin a wurin da fata ta fi laushi. Abin tsoro na gaskiya ke nan.

Rana ita ce magani, ba a kuwa sayenta. Zafinta yana busar da yadi, haskenta yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa. A ɗaura igiya a bayan ɗaki ko kusa da makewayi, inda rana ke bugawa. Wadda take jin nauyi, sai ta rufa ɗankwali marar kauri a kai. Ido ba zai gani ba, iska da zafi kuwa za su ratsa. A bar shi ya bushe ƙayau. A taɓa tsakiya, inda ya fi kauri, a tabbata.

Kada a shimfiɗa shi a ƙasa. Akwai wani ƙuda a ƙasashenmu da ke zuba ƙwai a turɓaya da kan tufafi masu danshi da ke inuwa. Tsutsarsa takan shiga fata ta yi kumburi kamar maruru. Guga da dutse mai zafi tana kashe ƙwan. Amma in ƙunzugun irin mai roba a bayansa ne, kada a ɗora dutse a kan robar, za ta narke.

Da damina, musamman a watan Agusta, rana takan yi wuya. A rataye a ƙarƙashin rumfa inda iska ke wucewa, a bi da guga. A wannan lokaci gara a ƙara yawan ƙyallaye, don kada a sa mai danshi saboda rashin wani.

Adanawa

Bayan al'ada ta ɗauke, a ninke busassun, a sa a jakar yadi mai tsabta, a ajiye inda ɓera da kyankyaso ba su kai ba. In yadi ya yi tauri, ko ya yage, ko warinsa ya ƙi fita bayan wanki, ya gama aiki. A ƙone shi ko a binne.

Lokacin zuwa asibiti

A je wurin ma'aikaciyar lafiya in akwai ƙaiƙayin da ya ƙi tafiya, ko ruwa mai wari, ko zafi wajen fitsari. Haka kuma in jini ya wuce kwana 7, ko yana jiƙa ƙyalle cikin awa ɗaya ko biyu, gama zubar jini da yawa tana rage jinin jiki, ta sa mace kasala a gona.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Maigida, kuɗin sabulu da igiya da bokiti ba su kai na magani ba. Ka saya, ka kuma kwaɓi yara maza kada su yi wa 'yan'uwansu mata dariya. Iyaye mata, ku koya wa yarinya tun kafin ta fara, don kada ta firgita, kada kuma ta bar zuwa makaranta. Ƙungiyar da ke da keken ɗinki tana iya sayen yadi da sabulu a sari, kamar yadda ake sayen taki, a ɗinka tare, a raba wa mata da 'yan mata. Ku tattauna wannan a taronku na gaba.